Abner Cohen: Bayahuden Bagadaza Da Ya Nazarci Kasuwancin Hausawan Sabo

A shekarar 1962 wani baƙo ya sauka a birnin Ibadan, wanda fatake suka fi sani da Badun, ya riƙa shiga unguwar Sabo kullum da littafi da alƙalami. Ba shanu ya kawo ba, ba kuma goro ya zo saye ba. Ya shafe sama da shekara guda yana zama a zaurukan masu gida, yana bin dillalai kara, yana kuma sauraron malamai. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda baƙi dubu huɗu da 'yan kai, a tsakiyar babban birnin Yarbawa, suka riƙe ragamar cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi shekara da shekaru, alhali ba banki a tsakaninsu, ba takardar yarjejeniya, kuma ba kasafai ake zuwa kotu ba. Sunan wannan baƙo Abner Cohen, kuma littafin da ya rubuta a kan Sabo har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya duk inda ake koyar da sha'anin ƙabilanci da zaman baƙunci.

An haifi Cohen a birnin Bagadaza na ƙasar Iraƙi a shekarar 1921, a cikin al'ummar Yahudawa da suka yi sama da shekara dubu biyu a wannan ƙasa. A lokacin ƙuruciyarsa Yahudawa na da yawa ƙwarai a Bagadaza, kuma suna da ƙarfi a kasuwa da aikin ofis. Larabci ne harshensu na gida da na titi. To amma zaman bai ɗore ba. A watan Yunin 1941 aka far wa unguwanninsu aka kashe mutane da dama, sannan bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948 al'amura suka ƙara dagulewa, har ta kai a tsakanin 1950 da 1951 kimanin mutum dubu ɗari da ashirin suka bar Iraƙi. Cohen na cikin Yahudawan Iraƙin da suka koma Isra'ila. Ke nan tun kafin ya fara nazarin zaman baƙunci a jami'a, ya riga ya ga yadda mutum kan wayi gari a garin kakanninsa a ce masa shi baƙo ne.

Daga baya ya tafi Ingila, ya shiga Jami'ar Manchesta a ƙarƙashin Farfesa Max Gluckman, wani masani haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya tara ɗalibai masu binciken yadda mutanen karkara ke zama idan sun shigo birni. Fannin nasu shi ne ilimin nazarin al'umma da al'adunta, kuma ƙa'idarsa ita ce mai bincike ya je ya zauna da mutane tsawon lokaci, ya ji harshensu, ya ga abin da suke yi da idonsa, kada ya tsaya ga abin da suka gaya masa kawai.

Bincikensa na farko a kan ƙauyukan Falasɗinawa ne da suka faɗa cikin Isra'ila a bakin iyakar Jodan ta wancan lokaci, inda ya zauna a ƙarshen shekarun 1950, mutanen na ƙarƙashin dokar soja. Ƙauyen da ya fi mayar da hankali a kai ya ɓoye sunansa na gaskiya, ya laƙaba masa Bintul Hudud, wato 'yar kan iyaka. Littafin ya fito a 1965 da sunan Arab Border-Villages in Israel. A ciki ya nuna yadda tsarin dangi na hamula, wanda ya fara lalacewa a zamanin mulkin Ingila, ya sake farfaɗowa saboda sabon halin da mutanen suka samu kansu. Wannan littafi bai tsira daga suka ba. Talal Asad, masanin da ya koyar a Jami'ar Hartum ya kuma rubuta littafi a kan Larabawan Kababish na Kurdufan, ya yi masa raddi mai zafi a 1975, inda ya ce Cohen ya cika kallon dangi da aure, bai ba ƙwace filaye da ikon gwamnati nauyin da ya kamace su ba. A ganina Asad na da hujja. Sai dai tunanin da Cohen ya fara a can, cewa tsohuwar al'ada kan dawo da sabon aiki idan zamani ya canza, shi ne ya zo da shi Nijeriya.

A 1961 ya samu aiki a makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, wadda ake kira SOAS, daga nan ne kuma ya taho Badun, ya yi bincikensa a 1962 da 1963.

An kafa unguwar Sabo ne a shekarar 1916. Kafin lokacin Hausawa na zaune a warwatse cikin gidajen Yarbawa, sai ƙorafi ya yi yawa cewa ɓarayi na fakewa a cikin baƙi, don haka sarakunan gari da Turawan mulki suka ga a tattara su wuri guda kusa da Mokola, a ƙarƙashin Sarkin Hausawa wanda zai ɗauki alhakin mutanensa. An yi abin ne don a sa musu ido, amma sai ya zame musu gata. Sun samu unguwa tasu da hukuma ta amince da ita, da sarki mai ikon sauke baƙo ko korarsa, kuma a kan wannan harsashi ne aka gina kasuwancin.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai dabba Kurmi ya san matsalar. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a ƙasar daji saboda ƙudan tsando da cutar sammore, don haka falke ba ya da damar ya tsaya jiran farashi. Ko a ƙasa aka koro su ko a jirgin ƙasa aka ɗauko su, da zarar sun iso dole a sayar. Mahautan Yarbawa kuwa galibinsu ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar da nama. Cohen ya ƙiyasta cewa ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Badun, kusan dukkansu bashi, kuma a kowane lokaci akwai kimanin fam 100,000 da ake bin mahauta. Mai karatu ya tuna kuɗin 1963 ake magana. Kuma mai shanun baƙo ne daga Kano ko Katsina ko Damagaram, bai san mahaucin ba, bai ma jin yarensa.

Wanda ya riƙe wannan igiya shi ne mai gida, wato fatoma. Shi ke sauke falke a gidansa, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalansa. Dillali kuwa aikinsa sanin mahauta ɗaya bayan ɗaya: wane ne ke biya a kan lokaci, wane ne ya ci bashin wani mai gida bai biya ba, shanu nawa wane zai iya sayarwa a mako. Idan aka ƙulla ciniki, mai gida ne ya tsaya lamuni. In mahauci ya gudu ko ya karye, shi zai biya falke daga aljihunsa, domin in bai biya ba labari zai riga shi isa Arewa, kuma ba wanda zai sake sauka gidansa. Shi kuma mahaucin da ya ci amana, masu gida kan haɗa baki su hana shi dabba har sai ya biya. Saboda haka ne Cohen ya lura cewa jarin mai gida na gaskiya gidajensa ne da sunansa. Mutumin da ke da gidaje a Sabo, da mata da 'ya'ya da barori, ba zai tattara ya gudu da kuɗin wani cikin dare ba, kuma falke ya san haka.

Goro kuma ta ɗaya ɓangaren yake tafiya. Manoman Yarbawa ne ke noma shi a yankunan Shagamu da Agege da kewaye, Hausawa ke saye, su tsince, su naɗe a ganye su ɗaure huhu, a aika Arewa. Goro abu ne mai saurin lalacewa, farashinsa a Kano kuma na iya juyawa cikin kwana biyu, don haka wanda ba ya da amintaccen mutum a kowane zango, mai aiko masa da labari da kuɗi, ba zai kai labari ba. Yarbawa sun sha yunƙurin shiga cinikin su kai goronsu Arewa da kansu, amma sarƙar ta fi ƙarfinsu, domin daga mai saye a ƙauye har mai sayarwa a Kano duk harshe ɗaya suke yi, alƙibla ɗaya suke kallo, kuma kowa na da wanda zai kai ƙararsa gare shi.

Daga nan ne Cohen ya fitar da maganar da ta sa sunansa ya shahara. Masana da yawa a lokacin na ganin ƙabilanci wani guntun ƙauyanci ne da mutum ke zuwa da shi birni, wanda boko da zaman birni za su wanke. Shi kuwa ya ce abin da ya gani a Sabo akasin haka ne. Bahaushen Sabo ya fi na Kano tsananta Hausancinsa, a sutura da harshe da aure da ibada, kuma wannan Hausanci a nan Badun aka ƙera shi don ya kare hanyar abinci. Ya lura cewa a cikin masu kiran kansu Hausawa a Sabo akwai waɗanda asalinsu ba Hausawa ba ne, sun shiga rigar ne saboda ita ce ƙofar samun masauki da lamuni da amana. Haka nan wanda ya zo daga Arewa jiya, ko da Bakano ne na asali, baƙo ne a Sabo har sai ya zauna ya yi aure ya samu mai gida. Bai bar kowa a baya ba cikin lissafinsa. Ya rubuta a kan matan kulle da ke sana'ar abinci daga cikin gida ta hannun yara masu talla, da zawarawa da mata masu zaman kansu, da riƙon 'ya'ya, har da makafi da guragu da kutare da sarakunansu, ya nuna yadda kowannensu ke da gurbi a tattalin arzikin unguwar.

Babin da ya fi jawo muhawara shi ne na Tijjaniyya. A farkon shekarun 1950 mulkin Turawa ya kama hanyar ƙarewa, jam'iyyun siyasa irin su Action Group da NCNC suka shigo, hukuma ta daina kallon Sabo a matsayin keɓaɓɓiyar unguwar ƙabila, ikon Sarkin Hausawa ya ragu. Ga kuma Yarbawa Musulmi sun yawaita, ana sallah tare, ana iya auratayya, wato katangar da ta raba baƙo da ɗan gari ta fara zubewa. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1951 da 1952, akasarin mazan Sabo suka karɓi ɗarikar Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. Aka samu muƙaddamai, kowanne da jama'arsa da ke haɗuwa wazifa kullum, sannan a 1952 mutanen Sabo suka daina zuwa babban masallacin Juma'a na gari, suka tsayar da tasu Juma'ar a cikin unguwa. Cohen ya fassara wannan da cewa da sarauta ta yi rauni, sai ɗarika ta karɓi aikinta na haɗa kai da yanke shawara da tsawatarwa.

A nan ne ni da shi muka ɗan raba hanya. Ba a musun cewa zawiyya na haɗa kan 'yan kasuwa, kuma wanda kuke zama wazifa da shi kowace yamma zai ji nauyin cin kuɗinka. Amma faila ta Shehu Ibrahim ta bazu a Kano da Kumasi da sauran garuruwa a shekarun nan, har da wuraren da Bahaushe ba baƙo ba ne, ba ya kuma tsoron wani ya ƙwace masa kasuwa. Dattijon da ya tashi tsakar dare yana lazimi ba lissafin huhun goro yake yi ba. Shi kansa Cohen ya yarda cewa alamomin addini na da ƙarfinsu na kansu, kuma wannan ne jigon littafinsa na 1974 mai suna Two-Dimensional Man, inda ya ce ɗan Adam na tafiya ne da ƙafa biyu, ta neman iko da abinci da kuma ta neman ma'anar rayuwa. Sai dai a littafin Sabo ƙafar farko ta fi taka ƙasa.

Littafin ya fito a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya, da sunan Custom and Politics in Urban Africa, wato al'ada da siyasa a biranen Afirka, ya kuma samu lambar yabo ta Amaury Talbot. A wata maƙala ta 1971 ya ba irin wannan tsari na zango-zango suna, ya kira shi al'ummar fatake da ke warwatse a ƙasashe amma igiya ɗaya ta ɗaure su. Masanin tarihi Philip Curtin ya ɗauki wannan tunani a littafinsa na 1984, ya auna Armeniyawa da Sinawa da sauran fataken duniya da shi. Ke nan ma'aunin da ake gwada manyan 'yan kasuwar tarihi da shi, a zaurukan Sabo aka sassaƙa shi.

Cohen bai yi bincike a Sudan ba, amma wanda ya san unguwar Mayo a kudancin Hartum, ko kasuwannin Omdurman, zai ga fuskokin da ya sani a littafin. A kasuwannin dabbobi na Sudan, irin su Muwailih da ke yammacin Omdurman, an daɗe da sanin dalamin, wato mutumin da ke tsaya wa baƙon makiyayi, ya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma galibi kowace ƙabila da nata. Aikinsa ɗan'uwan aikin fatoman Sabo ne. Haka abin yake a Jibiya da Illela da Maigatari da Gallabat: kaya na tsallaka iyaka ne bisa sunan wani da aka yarda da shi a ɓangarorin biyu. Bambancin shi ne Hausawan Sudan hanyar Makka ce ta kawo kakanninsu, wasu kuma hijira ce bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da yawa sun zama manoma da leburori a gonakin auduga na Jazira bayan buɗe su a 1925. Masana biyu da suka biyo baya, Mark Duffield a littafinsa na 1981 a kan garin Mai Wurno da Bawa Yamba a nasa na 1995 a kan alhazan da suka zauna a hanya, sun nazarci wannan al'umma.

Akwai kuma darasi mai ɗaci da littafin Sabo ya ƙunsa, wanda ya shafi Sudan kai tsaye. Zaman baƙo na rataye ne a kan amincewar hukuma, kuma hukuma na iya ba da ita yau ta janye gobe. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na ƙasar tun kafin 1898, abin da ya bar dubban waɗanda ake kira Fallata ko Takari cikin wahalar samun takardar jinsiyya, ko da a nan aka haifi iyayensu. A watan Yulin 2022 kuma, batun ba Hausawa sarautar gargajiya da hukuma ta amince da ita a jihar Shuɗin Nilu, wanda wasu ƙabilu suka ƙi saboda yana da alaƙa da mallakar ƙasa, ya rikiɗe ya zama faɗan da ya ci rayuka sama da ɗari, aka sake wani a watan Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Sarautar da aka ba Sabo a 1916 ba tare da an zubar da jini ba, irinta ce aka yi wannan asara a kanta bayan shekara ɗari da shida. A ƙasar Yarbawa ma zaman bai rasa tangarɗa ba, domin an yi rikicin Shagamu a 1999, aka kuma yi na kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairun 2021. Katangar da ke tsare amana a cikin gida, ita ce kuma ke sa ɗan gari ya riƙa ganin an rufe masa ƙofar kasuwa a garinsu, kuma Cohen bai ɓoye wannan ba.

Bayan Nijeriya ya tafi Saliyo a 1970, ya nazarci Kiriyo na birnin Firitawun, jikokin 'yantattun bayi da suka mamaye aikin gwamnati da lauya da likita. Ya nuna yadda ƙungiyar asiri ta Firimesin da bukukuwan coci da na iyali ke yi musu aikin da zawiyya ta yi wa Sabo. Littafin ya fito a 1981.

Aikinsa na ƙarshe mai girma a Landan ya yi shi, a kan launin fata. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata daga tsibiran Karibiyan don su yi mata aiki, amma da suka zo sai suka tarar da wariya wajen haya da aiki. A 1958 matasan Turawa suka far musu a unguwar Notting Hill. A wannan unguwa ce daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara wani bikin titi na shekara-shekara da ake kira Kanifal, da kiɗan gangunan ƙarfe da mutanen Tirinidad ke ƙerawa daga durom ɗin mai. A 1976 bikin ya ƙare da arangama tsakanin matasa baƙaƙe da 'yan sanda. Cohen ya bi wannan biki shekaru masu yawa, yana zama da makaɗa da masu ɗinka kayan wasa da shugabannin kwamiti, ya nuna yadda mutanen da suka fito daga tsibirai daban-daban, waɗanda a can gida ba su ɗauki kansu abu ɗaya ba, suka ƙera wa kansu al'ada guda a Landan saboda rashin aiki da matsin 'yan sanda sun haɗa su. Ya kuma nuna yadda hukuma da 'yan kasuwa ke ƙoƙarin mayar da bikin abin yawon buɗe ido. Littafin, Masquerade Politics, ya fito a 1993.

Ya zama farfesa a SOAS a farkon shekarun 1970, ya yi ritaya a tsakiyar shekarun 1980 ya koma birnin Oksfod. A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da cutar karkarwar jiki ta Fakinsin, amma ya ci gaba da bincike tare da matarsa, wadda ita ma masaniyar wannan fanni ce, a kan al'adun mutanen yankin Wels. Ya mutu a watan Mayun 2001 yana da shekara 79. An sake buga littafinsa na Sabo bayan mutuwarsa, a 2004.